Ka Sayo Mota Daga Wata Jiha? Duba Takardunta Tukuna

Malam, idan ka sayo mota a Kano ko Sakkwato za ka kawo ta Birnin Kebbi, kada ɗoki ya sa ka manta da takardu. Lambar kowace jiha tana aiki a duk faɗin Nijeriya; babu wanda zai kama ka don kawai ba ta Kebbi ba ce. Matsalar ita ce sunan da ke kanta. Muddin ba a yi canjin mallaka ba, a idon hukuma motar ta mai sayarwa ce, ko nawa ka biya.

Kafin kuɗi su bar hannunka, buɗe bonet ka goge ƙura, ka gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke takarda, harafi bayan harafi. Nemi takardar kwastan ta asali. Jiharmu tana iyaka da Nijar da Benin, kuma tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka jami'an kan hanyar Argungu ba sa ɗaukar “na baro ta a gida”.

Ku rubuta yarjejeniyar ciniki gaban shaidu, ka yi rantsuwar kotu, sannan ka je ofishin lasisi na hukumar tara haraji da ƙafarka, ban da ’yan “kawo in yi maka”. Inshorar “third party” ta ƙaramar mota kuwa naira 15,000 ce tun 2023.