Tauraron Michelin ba ya faɗa maka abin da ke cikin miya

Duk wanda zai tafi Faris taro ko hutu, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, wane gidan abinci ya fi taurari?" Daga nan sai maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya ta biyo baya, wai taurarin nan saya ake yi, ko kuwa kyan kujeru da fitilu ake dubawa.

Ba haka ba ne, kuma na gaji da maimaitawa. Kamfanin tayar mota na Michelin ya fara buga littafinsa na jagorar matafiya a 1900, ya soma ba da tauraro a 1926. Masu bincikensa ba sa bayyana kansu, su ke biyan kuɗin abin da suka ci, kuma abin da ke cikin faranti kaɗai suke aunawa: ingancin cefane, gwanintar girki, daidaiton ɗanɗano, hannun mai girkin, da ko na gobe zai fito kamar na yau. Da saya ake yi, da mai girki Guy Savoy bai rasa tauraronsa na uku a 2023 ba. La Tour d'Argent da ke bakin kogin Sen ta sauko zuwa taurari biyu a 1996, zuwa ɗaya a 2006, alhali tagoginta ba su daina kallon majami'ar Notre-Dame ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tauraro shaida ce cewa an iya girki, amma ba ruwansa da abin da kai kake iya ci. Agwagwar da ta yi wa La Tour d'Argent suna, wadda ake ba kowace lamba tun 1890, shaƙe ta ake yi don jinin ya tsaya a jiki, a matse ƙasusuwan, a haɗa miya da jinin da giya. A L'Arpège kuwa, Alain Passard ya janye jan nama a 2001, ya mai da hankali kan kayan lambun gonakinsa. Wanda ya kwatanta gidajen nan biyu da ƙirgen taurari bai kwatanta komai ba.

Kada kuma ka ce ka tsira don ka zaɓi kifi. Miyar man shanun da ake zuba masa sau da yawa da farar giya ake fara ta. Kitsen alade yana shiga wake da kabeji, sinadarin da ke daskarar da kayan zaƙi ma yakan fito daga fatar alade. Ka tambaya. Mutanenmu sai su zauna suna ɗaukar hoto don Facebook, suna jin kunyar buɗe baki kada a ce musu ƙauyawa, alhali matambayi ba ya ɓata.

Abin yi: tun lokacin kama tebur ka rubuta musu abin da ba ka ci, don mai girki ya shirya. Ka je da rana, jerin abincin rana ya fi na dare araha nesa ba kusa ba, kuma hannu ɗaya ne ya dafa. Ladan mai hidima yana cikin farashi, ruwan famfo a tulu kyauta ne. In gida ya ƙi faɗa maka abin da ke cikin miyarsa, ko taurarinsa uku ne, ka nemi wani.