Na'ura Tana Tsufa, Ɗana

Ɗana, labari ya iso ni cewa kana neman inda za ka koyi kwamfuta a Birnin Kebbi, har kana gaya wa abokanka wata uku sun ishe ka. Na ji daɗin niyyar, amma ka yi haƙuri da ni in rage maka gaggawa, domin idona ya ga sana'o'in na'ura da dama sun zo da ƙarfinsu sun wuce.

Da akwai masu keken rubutu a bakin kotu, ana layi a gabansu. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, sai ga samari da laima da tebur suna sayar da kira minti-minti, ba a daɗe ba kowa ya mallaki tasa, aka naɗe laimar. Daga nan sai masu caji da janareto, sai masu tura fim a waya, sai masu POS da suka zama sarakunan kasuwa a farkon 2023, lokacin da takardar naira ta yi wuyar gani. Cikin duk waɗannan, waɗanda na ga sun tsallaka daga wannan sana'a zuwa waccan su ne masu iya karatu da lissafi, waɗanda ba sa jin kunyar komawa gaban yaro su ce koya mini. Saboda haka kada ka raina darasin lissafi da Turanci don ka iya latsa waya, domin yanzu ma ga ƙirƙirarriyar basira tana rubuta wasiƙa, tana zana hoto kafin ka kurɓi shayi, kuma mai karatu ne kaɗai zai gane inda ta yi shirme.

Kuma ba sai ka je Legas ba. Ka duba fadamarmu. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a nan Jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015, dattijon da bai taɓa taka banki ba ya wayi gari yana bukatar asusu da lambar BVN, yana neman yaron da zai cike masa takarda ba tare da ya cuce shi ba. Da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, noman rani da injin ban-ruwa ya fara fin ƙarfin talaka, masu hali suka koma sola. To ranar da ruwa ya ƙi fitowa, wa za a kira? Sau da yawa ƙurar hunturu ce ta rufe farantin, ko ɓera ya ci waya, ko famfon ya zuƙi yashi, amma sai wanda ya san wutar, ya ɗora mita ya auna, zai gane, sauran kuwa su yi ta kwance abu mai lafiya. Idan babu mai wannan ilimi a nan Diggi, sai a jira wani daga birni, shinkafa tana shan rana.

Makarantu kam sun matso kusa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana nan Kalgo, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, ga kwalejin Waziri Umaru. Sai dai ƙofarsu jarrabawar JAMB ce, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake yin ta, kuma abin tausayi ne ka ga yaron ƙauye da ya san amsa sarai, amma ranar ce ya fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, hannu na rawa, lokaci na tafiya. Saboda haka duk abin da ka koya, ka zaunar da ƙannenka su taɓa tun da wuri.

Ke kuma ƴata, ƙanwarsa, da ke nake, domin na san a gidaje da yawa idan waya ɗaya ce ta namiji ce, idan kuɗin makaranta na mutum ɗaya ne shi za a tura. Iyayen ba mugunta suke nufi ba, tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili, amma a ƙasar Gwandu ba mu da hujjar cewa karatun mata baƙon abu ne. Nana Asma'u, wadda Malam Abdullahi na Gwandu baffanta ne, ta riƙa tura jajoji suna kai wa mata ilimi har cikin ƙauyuka kafin Turawa su ci ƙasar nan. Yau matar da ke cikin kulle ta fi sakin jiki ta miƙa wayarta ko katinta ga mace ƴar'uwarta, asibiti ma yana bukatar wadda za ta shigar da bayanan masu awo. Haka almajirin da ya haddace izu sittin, haƙurin da ya kai shi nan zai kai shi ga gyaran waya, da ɗan Fulanin ruga, da gurgun da ba zai iya huɗa ba amma hannunsa da idonsa lafiya lau. Garin da ya bar waɗannan a baya, shi zai yi ta biyan kuɗin motar baƙon ma'aikaci.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi hana ni barci. Wanda ya kawo maka waya gyara ya kawo maka hotunan iyalinsa da sirrin asusunsa. Za a samu abokan da za su nuna maka yadda ake kwashe kuɗin mutum daga nesa, su ce ai ba ka ganin fuskarsa, wasu daga cikinsu kuwa yanzu iyayensu na ta safa da marwa a ofishin EFCC. A ƙaramin gari irin namu, tsohuwa ɗaya ta ce dubu biyunta ta ɓata a hannunka, shagonka ya mutu.

Gwamnatin tarayya ta fito da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa sana'o'in fasaha, kuma ta intanet ake nema. Idan aka sake buɗe rajista, ka tafi da lambar NIN ɗinka da ta ƙanwarka a cike muku tare. Maganar amincewar mahaifinku kuma ka bar mini, zan same shi bayan sallar isha'i.