Kafin Ka Sayi Kifin Kogin Chalawa

Idan mai kifi ya ce daga Chalawa ya kamo shi, tambaye shi daga wane sashe, sama ko ƙasa da inda masana'antun jima na Kano ke zubar da dagwalonsu. Ruwan jima yana ɗauke da sinadarin kuromiyam, wanda ke taruwa a jikin kifi, musamman hanta da sassan da yake numfashi da su. Wani zai ce ai wuta tana maganin komai. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma suya ba ta fitar da ƙarfe irin kuromiyam daga nama. Saboda haka a zubar da kayan ciki da kai gaba ɗaya, kuma a hana yara wanka a sashen da ke ƙasa da masana'antun, ko da ruwan ya yi garau.