Hidimar Sa Kai a Baƙuwar Ƙasa: Darasi daga Garin Midelt

Karatu: Bishara ta hannun Luka 1:39-56

A cikin wannan karatu mun ji yadda Budurwa Maryamu ta tashi da hanzari ta nufi wani gari a ƙasar tuddai ta Yahudiya, domin ta taimaki 'yar'uwarta Alisabatu wadda ta sami juna biyu cikin tsufa. Ta zauna wurinta wajen wata uku, sa'an nan ta koma gida. Har wa yau akwai Kiristoci, maza da mata, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da masu sana'ar hannu, waɗanda ke barin ƙasarsu na shekara ɗaya ko biyu su yi wa wata al'umma hidima ba domin albashi ba. A Faransa, alal misali, bishof-bishof sun kafa ƙungiyar aika irin waɗannan masu sa kai tun shekarar 1967. Darasinmu zai duba abin da irin wannan tafiya take bukata daga mutum, ta wurin misalin gari guda a cikin duwatsun Atlas na ƙasar Maroko.

1. Garin da mutanensa

Midelt gari ne da ke kan tudu, kimanin mita 1,500 sama da teku, a kan hanyar da ta tashi daga Fas ta gangara kudu zuwa bakin hamada. Bayansa akwai dutsen Ayashi, wanda tsawonsa ya haura mita 3,700, kuma dusar ƙanƙara takan rufe kansa watanni da dama. An san garin da noman tuffa. Yawancin mutanensa Amazik ne, wato waɗanda Turawa ke kira Barbar, harshensu kuwa Tamazik, wanda tsarin mulkin Maroko na 2011 ya ɗaga zuwa harshen hukuma tare da Larabci. Musulmi ne masu bin mazhabar Malikiyya, kamar maƙwabtanmu na nan gida, kuma birnin Fas da ke arewa da su shi ne wurin da kabarin Shehu Ahmadu Tijjani yake, inda Hausawa da yawa ke kai ziyara.

Kiristoci a Maroko ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Kusan dukan 'yan Katolika a can baƙi ne, da yawansu kuwa ɗalibai ne da ma'aikata daga ƙasashen Afirka na kudu da hamada. A Midelt akwai ƙaramin gidan zuhudu mai suna Uwargijiyarmu ta Atlas. Sistoci na ƙungiyar Waliyyi Faransis sun yi shekaru masu yawa a garin suna koya wa mata saƙa da ɗinki, waɗansunsu har sun zauna cikin tanti tare da makiyaya a kan duwatsu suna duba marasa lafiya.

2. Jarrabawar jiki

Abin da ke fara tarar baƙo shi ne sanyi. Wanda ya saba da hunturun Jos ko na Zariya zai ga cewa bai taɓa sanin sanyi ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa yakan daskare da dare, gidaje da yawa kuma ba su da abin ɗumama ɗaki sai murhun itace guda, wanda dukan iyali ke kewayewa. Dole mutum ya koyi sa tufa kan tufa, ya sayi jallabiyar ulu irin ta mutanen gari. Abinci ma dabam ne. Burodi shi ne tuwonsu, da shi ake ɗiban miya daga akushi ɗaya, ran Juma'a kuma akan ci kuskus, wanda ya yi kama da burabusko. Mai marmarin tuwon dawa da miyar kuka sai ya haƙura.

Waɗannan abubuwa ƙanana ne a ido, amma su ne ke karya zuciyar mutane da yawa a watannin farko. Darasin da ke ciki shi ne tawali'u. Wanda ya zo da niyyar taimako sai ya iske kansa yana bukatar a nuna masa yadda ake hura murhu da inda ake sayen itace. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. In ya yarda a ja masa gora, ya kama hanyar zama ɗan gari.

3. Jarrabawar harshe

Mai sa kai yakan zo da Turanci ko Faransanci, ya tarar cewa a kasuwa Larabcin Maroko ake yi, a cikin gida da ƙauyuka kuwa Tamazik. Malami mai digiri sai ya koma kamar yaron da ke koyon magana, yara suna yi masa dariya. Wanda ya ji kunyar kuskure zai kulle kansa a ɗaki, shekara ta ƙare bai yi aboki ko ɗaya ba.

A nan ya kamata mu tuna da Fada Albert Peyriguère, firist ɗan Faransa wanda ya sauka a ƙauyen El Kbab cikin duwatsun Atlas a 1928, yana bin sawun Waliyyi Charles de Foucauld. Ya koyi Tamazik har ya ƙware, ya sa tufafin mutanen wurin, ya buɗe ƙaramin ɗakin shan magani, ya zauna tare da su har rasuwarsa a 1959. A 2010 aka mai da ƙasusuwansa gidan zuhudu na Midelt. Koyon harshen mutane alama ce ta girmamawa, gama yana nuna musu cewa baƙon ya ɗauki maganarsu abu mai daraja.

4. Jarrabawar haƙuri

Mutumin da aka ba shekara ɗaya yakan so ya ga sakamako da wuri. Mutanen dutse kuwa ba sa ba da amana sai sun daɗe suna kallon mutum. Kafin a yi maganar aiki sai an yi doguwar gaisuwa, an tambayi iyali, an sha shayi da na'ana'a kofi bayan kofi. Wanda ya ɗauki wannan ɓata lokaci ne bai gane ba cewa a wurin shayin ake auna halinsa. Haka kuma baƙar fata yakan gamu da kallo ko maganar raini daga waɗansu, kamar yadda yakan gamu da karamci daga waɗansu da yawa. Sannu ba ta hana zuwa. Ubangijinmu kansa ya yi shekara talatin a Nazarat yana aikin hannu kafin ya fara koyarwa a fili.

5. Shaida ba da yawan magana ba

Dokar Maroko ta hana ƙoƙarin fitar da Musulmi daga addininsa, hukuncin kuwa yana iya kai ɗauri. Mai sa kai ya wajaba ya san wannan, ya kiyaye shi, ya kuma girmama watan azumi ta wurin ƙin ci da sha a bainar jama'a. To, ina shaidarsa ta Kirista? Tarihin gidan zuhudu na Midelt ya ba da amsa.

Asalin gidan yana Tibhirin, kusa da garin Mediya a duwatsun Aljeriya, inda aka kafa shi a 1938. Ɗaya daga cikin masu zuhudun, Ɗan'uwa Luka, likita ne wanda ya yi shekara hamsin yana duba mutanen ƙauye kyauta. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Aljeriya, an shawarce su su tashi, amma suka zaɓi zama tare da maƙwabtansu Musulmi waɗanda ba su da wurin gudu. A daren 26 ga Maris 1996 'yan bindiga suka sace bakwai daga cikinsu, a watan Mayu kuma aka sanar da kisansu. Biyu da suka tsira suka koma Maroko, a shekarar 2000 kuma jama'ar ta zauna a Midelt, ta ci gaba da addu'a da aiki a tsakiyar Musulmi. Ran 8 ga Disamba 2018, a birnin Oran, Ikilisiya ta sa bakwai ɗin cikin jerin Masu Albarka. Da Paparoma Faransis ya ziyarci Rabat a Maris 2019, ya sunkuya ya sumbaci hannun Fada Jean-Pierre Schumacher, na ƙarshe cikin waɗanda suka tsira, wanda ya rasu a Midelt a 2021 yana da shekara 97.

Maryamu ba ta yi wa Alisabatu wa'azi ba. Gaisuwa ta yi, tana ɗauke da Yesu a cikinta, Ruhu Mai Tsarki kuwa ya yi sauran aikin. Haka mai sa kai yake ɗauke da Kristi cikin gaskiyarsa, da riƙon amanarsa, da yadda yake kula da mara lafiya.

6. Ga mai niyyar tafiya

Duk wanda ya ji wannan kira, ya fara shawara da Fadan ikilisiyarsa da iyayensa. Ya tafi ta hannun ƙungiya sananniya, da takardun shiga ƙasa da na izinin zama cikakku, ya kuma gabatar da kansa ga Ikilisiyar wurin da ya sauka. Ya riƙe addu'ar safe da ta yamma, domin yana iya yin makonni bai sami Mas ba in aikinsa yana ƙauye mai nisa. Ya koya wa 'yan gari abin da ya iya, domin aikin ya ci gaba bayan ya koma gida. Mu da muka rage a gida kuwa, darasin ya shafe mu, gama mu ma da Musulmi muke zama ƙofa da ƙofa, akwai kuma baƙi a cikin ikilisiyoyinmu da ke jiran mai ja musu gora.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace jarrabawa ce cikin waɗannan za ta fi yi maka wuya, don me?
2. Me ya sa masu zuhudun Tibhirin suka ƙi barin maƙwabtansu?
3. Wane baƙo ne a unguwarku za ku iya ziyarta a wannan mako?

Addu'a

Ya Allah Uba, ka kiyaye bayinka da ke hidima a ƙasashe masu nisa. Ka ba su haƙuri da tawali'u, ka sa musu albarka tare da mutanen da suka karɓe su, ka koya mana mu ma karɓar baƙo da zuciya ɗaya. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.