Darasi: Yadda Ake Kashe Rigimar Ciniki a Umdurman

'Yan'uwa fatake, mu duba tsarin kasuwar shanu ta Muwailih, yamma da Umdurman, kafin yaƙin 2023. Can ba a sallama sa sai da "damin", wato mai lamuni, kamar fatomanmu, wanda ya san mai dabba har gidansu. In saniya ta fito ta sata, shi ake riƙewa: ya nemo mai sayarwa, ko ya biya. In kuwa aibi aka ɓoye, dattawa, "ajawid", ke zaman sulhu, a mayar da dabba ko a rage kuɗi, yadda muka karanta a babin ciniki. Kotu sai sulhu ya faskara, don kafin alƙali ya yanke, sa ya rame, harawa ta cinye riba.