Tsofaffinmu da Shan Magani: Aikin Mai Haɗa Magunguna

A ƙasar Minjibir gona tana manne da gona, gida kuma kusa da gida. Mutanen da suka yi shekara 50 suna kai taki a kan jaki, suna noman gero da dawa da gyaɗa, yau ga su sun tsufa. Gwiwa tana ciwo, baya ya sankare, barci ya yi ƙaranci, waɗansu kuma suna da hawan jini ko ciwon suga. Domin wannan tsoho ya fi kowa a gida shan magani. A darasin wannan wata za mu duba yadda magani yakan cuci tsoho, da taimakon da mai haɗa magunguna yake iya yi, da abin da ya wajaba a kanmu mu masu bi.

Magani baiwar Allah ce

Littafi Mai Tsarki bai hana mu neman magani ba. A 2 Sarakuna 20:7 annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun sarki Hezekiya, ya kuwa warke. Luka, wanda ya rubuta bishara, likita ne, Bulus kuma ya ƙaunace shi (Kolosiyawa 4:14). Amma Markus 5:25-26 ya ba mu labarin wata mace wadda ta yi shekara 12 tana fama, ta kashe dukan abin da take da shi wajen masu magani da yawa, ciwon kuwa sai ƙaruwa yake yi. Ashe tun zamanin dā akwai shan magani mai amfani, akwai kuma mai ɓarna. Wuta tana dafa tuwo, tana kuma cinye rumbu.

Jikin tsoho dabam yake

Idan mutum ya haɗiye ƙwaya, hanta ce take sarrafa ta, ƙoda kuma ta tace ta, ta fitar da ita cikin fitsari. Sa'ad da shekaru suka yi yawa, hanta da ƙoda sukan rage saurin aiki. Saboda haka ƙwayar da saurayi zai sha da safe ta bar jikinsa kafin dare takan daɗe a jikin kakansa. Kafin ta fita an ƙara wata a kanta, har ta taru ta zama dafi.

Abu na biyu, tsoho yakan sha magani iri-iri a lokaci ɗaya: na asibiti, da na kemis, da jiƙon da maƙwabci ya kawo, da wanda ɗansa ya aiko daga birni. Likitan asibiti bai san na kemis ba, mai kemis bai san jiƙon ba. Masana sun ce idan mutum yana shan magani iri 5 ko fiye kullum, sai a sa masa ido sosai, gama wani magani yakan yi gāba da wani.

Abu na uku, ido ya raunana, mantuwa kuma ta zo. Ƙwayoyi farare guda biyu sun yi kama da juna. Tsohuwa ta sha na safe, ta manta, ta sāke sha.

Magungunan da suka fi yin ɓarna

Na fari shi ne maganin ciwon jiki, irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam. Ran kasuwa mai talla yakan haɗa biyu ko uku cikin leda, ya ce na gajiya ne. Gaskiya ciwon yakan lafa. Amma dukansu dangi ɗaya ne, shan biyu tare kuwa ninka haɗari ne. Suna kawo gyambon ciki, suna ƙara hawan jini, suna lalata ƙoda. Idan bayan gidan tsoho ya yi baƙi ƙirin, ko ya yi aman jini, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe.

Sau da dama akan sa dexamethasone ko prednisolone cikin wannan haɗin. Mai shansa kullum fuskarsa takan cika, mutane su ce ya yi ƙiba, ya sami lafiya. Alhali kuwa suga yana hawa, ƙashi yana rauni. Wanda ya daɗe yana sha kada ya bari farat ɗaya, sai likita ya rage masa da kaɗan da kaɗan.

Na biyu, maganin barci kamar diazepam, da maganin mura mai sa gyangyaɗi kamar Piriton. Suna kawo jiri da ruɗewa. Tsoho ya tashi da dare zai zaga, ya faɗi, ƙashin kwatangwalo ya karye, da yawa kuwa ba su sāke tafiya da ƙafarsu. Ga dattijo wanda fitsari yake yi masa wuya, maganin mura yana iya tsare fitsarin gaba ɗaya.

Na uku, maganin suga mai suna glibenclamide. Idan tsoho ya sha shi bai ci abinci ba, suga yakan faɗi ƙasa ƙwarai: gumi, rawar jiki, magana barkatai, har suma. Waɗansu sukan ce iska ce ta taɓa shi. Idan yana iya haɗiya, a ba shi ruwan suga nan da nan, sa'an nan a nemi asibiti.

Ko farasitamol yana da iyaka. Babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini ɗaya da dare, tsoho ramamme kuwa ƙasa da haka, gama yawansa yana cutar hanta. Abinci ma yana da nasa. Nono yana rage ƙarfin tetracycline da ciprofloxacin, don haka kada a kora su da fura da nono. Yawan gishiri da kanwa kuma suna yaƙi da maganin hawan jini.

Wane ne mai haɗa magunguna?

Aikin ba sabo ba ne a Arewa. Tun 1930 aka buɗe makarantar koyon haɗa magani a Zariya, inda aka horar da waɗanda iyayenmu suke kira disfensa. Yanzu mai haɗa magunguna yakan yi shekara 5 ko 6 a jami'a, ya ƙara shekara 1 yana aiki a ƙarƙashin manya, kafin hukumar PCN ta ba shi lasisi. Mai kemis na ƙauye shi ma yana da amfani, amma izininsa na sayar da ƙananan magunguna ne cikin kwalinsu. Ba a ba shi izinin yin allura ko rubuta magani ba.

Ga abin da mai haɗa magunguna yake yi wa tsoho. Yakan duba dukan abin da yake sha, ya ware wanda aka maimaita da suna dabam, da wanda wa'adinsa ya wuce, da waɗanda ba su jituwa. Idan ya ga awon ya yi wa tsoho yawa, yakan koma wurin likita su daidaita. Yakan bayyana lokacin sha, ko kafin abinci ko bayansa. Yana kuma da ilimin da aka tara domin tsofaffi musamman. A 1991 wani likita a Amurka, Mark Beers, ya tsara jerin magungunan da ya kamata a yi hattara da su ga tsofaffi, ana kuma sabunta jerin, har an sāke fitar da shi a 2023. Diazepam da glibenclamide suna ciki.

Yana kuma tsare mu daga jabu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 1 cikin 10 na magungunan da ke ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. An kafa NAFDAC a 1993. Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008, mai haɗa magunguna ce, ta kuwa yi yaƙi da jabu har aka nemi ranta. A Fabrairun 2024 NAFDAC da PCN suka rufe shagunan magani fiye da 1,000 a Sabon Gari da kewaye cikin birnin Kano, domin masu sari su koma sabuwar cibiya a Dangwauro, kan hanyar Zariya, inda za a iya sa musu ido. Wannan ya shafe mu, gama maganin da ake sayarwa a Minjibir da Kunya da Wasai yawancinsa daga Kano yake fitowa.

Abin da za mu yi

Masu haɗa magunguna ba su da yawa a karkara, yawancinsu suna birni da manyan asibitoci. Saboda haka sai mu ne za mu kai musu tsofaffinmu.

1. Ran zuwa asibiti, a tattara dukan magungunan tsoho cikin jaka ɗaya, har da na gargajiya, a nuna a ɗakin magani. Kada a ɓoye kome don kunya.
2. A yi tambaya huɗu: Mene ne sunansa? Don me ake shansa? Yaushe, kuma har kwana nawa? Wace alama ce idan an gani za a komo? Matambayi ba ya ɓata.
3. Mutum ɗaya a gida ya riƙe maganin, ya rubuta sunayensu a takarda. Ga wanda bai iya karatu ba, a zana rana domin na safe, wata domin na dare.
4. Kada a sayi ƙwaya tsirara, wadda ba suna. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi.
5. Kada a ba tsoho ragowar maganin wani, ko da ciwonsu ya yi kama.
6. Hawan jini da ciwon suga ba su warkewa da kwali ɗaya. Kada a bar maganin don an ji sauƙi, ko don wani ya ce an riga an yi addu'a. Mu yi addu'a, mu kuma sha magani, gama Allah ne ya ba da duka biyu.
7. A ajiye magani a inuwa mai sanyi, nesa da zafin kwano da hannun jikoki.

Littafin Firistoci 19:32 ya umarce mu mu girmama masu furfura, 1 Timoti 5:4 kuma ya ɗora wa 'ya'ya da jikoki nauyin sāka wa iyayensu da alheri. Durƙusawa a gaishe su da safe girmamawa ce, zama a ƙidaya musu ƙwaya ma haka ne. Bari zumuntar mata da dattawan ikkilisiya, sa'ad da suka je gaisuwar marasa lafiya, su tambaya a hankali, “Baba, wane magani kake sha?” Mu yi wa maƙwabtanmu Musulmi wannan alheri kuma, gama tsufa bai bar gidan kowa ba.

Tambayoyi

1. Don me awon da ya dace da saurayi yakan yi wa tsoho yawa?
2. Waɗanne alamu ne suke nuna a kai mai shan maganin ciwon jiki asibiti a ranar?
3. Ina bambancin mai kemis da mai haɗa magunguna?
4. Tsofaffi nawa ne a ikkilisiyarku ba su da mai duba musu magani? Wa zai je wurinsu a wannan mako?