Kabewar Takarda: Aikin Hannu Domin Yara

Ninke takarda ta zama siffar wani abu fasaha ce ta mutanen Japan, sunanta origami. A Amurka yara kan ninke siffar kabewa lokacin kaka.

1. A sami takarda murabba'i mai ruwan goro, kowane gefe santimita 15.
2. A ninke ta kusurwa zuwa kusurwa ta fuska biyu, a buɗe. Mahaɗar layukan ita ce tsakiya.
3. A kawo kusurwoyi huɗun tsakiya, a danne.
4. A ɗan lanƙwasa sababbin kusurwoyin, ta zama mai gefe takwas.
5. A juya ta, a zana layuka, a manna koren mariƙi bisa.

Iyaye da malamai, ku bar yaro ya ninke da hannunsa. Ta haka yake koyon natsuwa da sanin siffofi.